Kiran da Ba Ka Ji Ba

Assalamu alaikum, Yaya Ummaru.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ce ƙanwarka Hajo. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Amma akwai maganar da na riƙe tun ina budurwa, yau ga jikoki a gabana, har yanzu ta ƙi sakina.

Ka tuna zuwanka hutu na ƙarshe, zamanin farar hula, lokacin da ko sabulu sai an bi layi? Mota ta sauke ka a Bodinga, ka ƙaraso Danchadi da jakarka a kafaɗa. Mutane suka cika ƙofar gida don ganin sojan igwa. Duk wanda ya yi maka magana, sai murmushi da gyaɗa kai. Kowa ya ɗauka kunya ce.

Ni na gano. Na kai maka fura fadama inda kake taya Baba aiki, na yi sallama sau uku daga bayanka, ba ka waiwayo ba sai da na taɓa kafaɗarka. Ka zaunar da ni ka faɗa mini gaskiya. Shekara shida kana gefen igwa, babbar bindigar nan, kai ke saita ta, ƙararta ta kashe maka kunnen hagu, na dama ma saura kaɗan. Ka ce, "Hajo, kar ki hwaɗa ma kowa. In Baba ya ji, ba shi bari in koma." Kana son aikinka. Na rantse maka.

Ranar komawarka kuka yi bankwana da Baba a zaure. Ka ɗan yi nisa, sai ya tuna goron da ya saya maka. Ya fito bakin hanya ya kira sunanka har sau huɗu, a gaban maƙwabta. Ka ci gaba da tafiya. Ina bayan darni ina kallo. Ya dawo da goron a hannu, ya ce, "Soja ta koya mai raina uba."

Kalma ɗaya ta isa, Yaya. Ban faɗe ta ba.

Wasiƙunka biyu suka zo. Malamin firamare ya karanta masa, Baba ya ce babu amsa.

Sai faɗa ya ɓarke a bakin Tafkin Chadi. Gab da damina wani kofur ɗan Kajiji, abokin aikinka, ya yi mana sallama. Da ƙarfi yake magana, kamar mai kiran wanda ke ƙetaren rafi. Ya ce da safe ne, kana duƙe kana saiti, abokan gaba suka harbo tasu igwar. Sauran sojojin suka ji ƙarar tahowar harsashin suka kwanta, suna ihun sunanka. Kai ba ka ɗago ba. Can suka yi maka sutura, suka rufe ka a cikin rairayi.

Baba ya tambaye shi sau biyu, "Ba shi ji?" Kofur ya ce ai duk barikin an sani.

Yinin nan Baba bai ci komai ba. Ya aika a kira malamin, aka sake karanta masa wasiƙunka daga farko. Da aka gama ya ce, "Na yahe mai. Allah Shi sa shi ma ya yahe min. Da dai wani ya hwaɗa min." Ni ce ke tsaye kusa da shi da butar alwala.

Ya ƙara shekara biyar a duniya. Muka sha fari tare, na yi jinyarsa, ban taɓa gaya masa na sani ba.

Da na karya alkawari, da ya hana ka komawa. Da ka yi fushi da ni, wataƙila shekara guda, wataƙila har abada. Amma da kana nan, kurma, tsoho, ina ɗaga murya ina yi maka faɗa. Na cika maka alkawarinka, Yayana, ban kuma san ko daidai na yi ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarin da ban san inda yake ba. Ya haɗa ka da Baba, ku fahimci juna. In na iso, ku yafe mini ku biyun.

Ƙanwarka,
Hajo