Siniyyar Ƙanena Haliru

Assalamu alaikum Hajiya Mairama. Don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da rubutuna. A makaranta Larabci aka koya mana, ban ma yi nisa ba bayan firamare. Wannan rubutun wata maƙwabciyarmu da ta zauna a Kano ce ta koya mini, a wurinta nake karanta filinki.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna. Na daɗe ina jin haushin ƙanena Haliru, yaron da ni na goya shi. Bai yi mini komai ba. Siniyyar abincinsa, wato babban farantin da ake jera masa kwanuka a kai, ita ce ta tsaya mini a rai.

Mu biyar ne a gidanmu a Omdurman ta ƙasar Sudan, mata huɗu, namiji ɗaya. Ni ce babba, shekarata sha huɗu, Haliru kuma bakwai. A nan maza daban suke ci, a diwan, wato ɗakin baƙi na bakin ƙofa, mata kuma a rumfar tsakar gida. Lokacin da Baba yake gyaran mota a unguwar Alshajara kullum yana gida da la'asar, Haliru kuma a cikinmu yake ci tunda yaro ne. Bara sai Baba ya samu tuƙin babbar mota zuwa Bur Sudan, yakan daɗe bai dawo ba. A tsakanin nan aka yi wa Haliru kaciya. Kakarmu mahaifiyar Baba, da muke ce wa Gogo, ta ce yanzu ya zama namiji, shi ne maigida idan ubansa ba ya nan, ba zai ƙara sa hannu a kwanon mata ba. Ta ce can Jazira inda suka yi aikin auduga, yaron da ya koma kwanon mata bayan kaciya har ya yi furfura ana tsokanarsa.

Daga ranar ake shirya masa siniyyarsa daban: kisra mai laushi, wato wainar dawa mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa, idan akwai nama a zaɓar masa tsoka. Ni nake kai masa, in dawo mu taru a kan abin da ya rage. Inna ba ta ganin wannan, shayi take sayarwa a kasuwar Suk al-Shabi, sai magariba take shigowa. Mai bi mini, Bakhita, ta taɓa cewa ita idan ta girma namiji za ta zama. Gogo ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Sai Haliru ya fara ramewa. Siniyya tana dawowa tas, amma wuyansa sai tsawo yake. Inna ta kai shi asibiti aka ce ba shi da ciwo. Gogo ta ce bakin mutane ne, ta karɓo masa rubutu wurin malam.

Rannan na manta ban kai masa buta ba, na koma. Na tarar ya ajiye siniyyar a ƙofar waje, awakin maƙwabta suna cin kisrar, kyanwa ta ja tsokar gefe. Shi kuwa ya manna kunne a katangar da ta raba diwan da rumfa, yana sauraron labarin da Gogo take ba ƙannena, yana murmushi shi kaɗai. Da ya gan ni bai ɓoye komai ba. Ya fi sakewa da Larabci, da shi ya tambaye ni: "Ana sawwet shinu?" Wato me ya yi aka kore shi daga cikinmu.

Hajiya, ashe duk wannan lokaci ni ina ganin an fifita shi, shi yana ganin horo ake yi masa.

Tun ranar idan na kai abincin sai in zauna, da sunan zuba masa ruwa da korar ƙuda. Ina ba shi labarin abin da aka yi a rumfa, yana ci har ya suɗe kwano. Kumatunsa sun dawo. Gogo ta ce rubutun malam ya yi aiki. Ni ma haushin nan ya fita daga raina, na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Sai dai yanzu Bakhita ta ce na koma wajen masu cin tsoka, alhali wallahi ko romo ban taɓa ba. Sauran ƙannena Fatna da auta Rahmatu kuma ba sa fara ci sai na dawo, abinci ya huce. Shin na saɓa wa Gogo? In gaya wa Inna, da take dawowa ƙafa a kumbure? Tsorona kada a ce na raina manya a hana ni zaman, ya koma ba ya ci.

Abu ɗaya na yanke ban yi shawara da kowa ba. Jiya na miƙa wa Bakhita butar, na ce ta zauna har ya gama. Yau Fatna ce, gobe auta. Ni sai ta zagayo kaina.

Babbar Yaya, Omdurman

*

Wa alaikumus salam 'yata. Rubutunki ya fita sarai, na kuma gane ki.

Haushin da kika ji kada ya dame ki. Duk yaron da aka ce ya ɗauki tsoka ya kai wa wani kullum, shi ya dawo kan ƙashi, zai ji abin da kika ji. Abin dubawa shi ne yadda kika yi da idonki ya gane miki.

Kada kuma ki ɗauki Gogo a matsayin mai laifi. Al'adar da ta riƙe an yi ta ne don diwan mai cike da mutane. A zamaninta yaro yakan tarar da uba da baffanni da maƙwabta a kan siniyya, a nan yake koyon zama da manya da iya magana. Daraja take son ba jikanta. Abin da ya kuɓuce mata shi ne diwan ɗinku babu kowa a ciki, hannu ɗaya kuma ba ya jin daɗin kwano. Ku ma mata kuna da gaskiyarku, domin addininmu ya umarci iyaye da adalci tsakanin 'ya'ya, har a ɗan abin da ake sa wa a baki.

Karɓa-karɓar butar dabara ce mai kyau, ki ci gaba. Amma ba za ta ɗore a ɓoye ba, kuma wannan kaya ya fi ƙarfin kan 'yar shekara sha huɗu. Ki gaya wa Inna. Ba da magariba ba, ki bari sai ranar Juma'a ta huta. Ki faɗa mata abin da kika gani a ƙofa da tambayar da yaron ya yi, kada ki ƙara, kada ki ɗora wa kowa laifi. Uwar da ta kai ɗanta asibiti tana son sanin abin da ya ramar da shi, ko ƙafarta ta kumbura. Ita ta san yadda za ta shiga wa surukarta, ko ta jira Babanku ya yi wa mahaifiyarsa magana.

Ga abin da za ki iya kai mata a matsayin shawara. Idan Baba yana gida, Haliru ya ci da shi a diwan, hankalin Gogo ya kwanta. Idan ba ya nan, a kawo siniyyar tasa rumfa, ya ci a kwanonsa amma a cikinku. Bai sa hannu a kwanon mata ba, bai kuma zauna da awaki ba. In Gogo ta ƙi, a roƙe ta ita ta riƙa zama da shi, ko a nemo ɗan maƙwabta sa'ansa. Nama kuwa, komai ƙanƙantarsa, a raba shi a gaban kowa. Shi ma Baba idan ya dawo ya sha shayin safe da ku duka, ya tambayi kowace yadda take.

Bakhita ma ki ja ta gefe ki gaya mata gaskiyar abin da ya faru. Ta isa ta fahimta, kuma za ki samu mataimakiya. Ke kuma ki riƙa cin abincinki da zafinsa, kada garin kula da kowa a wayi gari ke ce aka bari a baya.

Allah ya yi miki albarka, ya haɗa kanku, ya dawo da Babanku gida lafiya.

Hajiya Mairama