Fitilar Baba da Ƙuri'ar Inna

"Yaya, ki kwantar da hankalinki, bana ba zan sa baki a ƙuri'ar Inna ba, ta zaɓi wanda ranta ya so." Auta, maganar wane ne wannan? Taka ce, a tsakar gida ka faɗe ta kana ɗaure igiyar takalmi ranar da za ka koma. Amma bari in yi sallama tukuna, kada a ce fushi ya cinye min tarbiyya. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah ya tsare ku a can, ya ƙara rufin asiri. Nan kowa lafiya, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana leƙa bakin titi da sandarta.

Da ka ga unguwarmu kwanakin nan da ba ka gane ta ba! Ungozomar asibitinmu, wadda ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku, ta ajiye aiki ta fito takarar kansila a jam'iyya mai alamar tsani. Ka tuna kwatar ƙofar asibiti da ke ambaliya duk damina, har sai an tsallakar da mai naƙuda a kan katako? Ita kaɗai ta zo da zane a takarda ta nuna mana inda ruwan zai bi. Rabona da jin irin wannan ɗoki tun ranar da na fara koyarwa. Ba kowa ne kwata ta dama ba, na sani. Telan kusa da mu ya ce shi duk jam'iyyar da ta kawo masa ɗinkin tutoci ita ce mai gaskiya. Gwaggo kuwa ta ce ɗan takarar jam'iyya mai alamar fitila ya fi kyau a hoto, na ce mata ai ba aurensa za mu yi ba. Duk da haka mata sun tashi tsaye, kuma ka san wancan zaɓen da tazarar ƙuri'a goma sha ɗaya aka ci mazaɓar nan.

Inna ma ta yanke shawara, da bakinta ta ce ungozoma za ta yi. Sai kai ka bugo waya ranar Lahadi ka ce mata barin fitila cin amanar marigayi Baba ne. Tun ranar ta daina cin abincin kirki, tana zaune ta yi tagumi, wai ba za ta iya haɗa ido da shi gobe kiyama ba. Haba Auta! Inna ba ta karatu, zanen kawai ta sani. Kai kuwa da ka yi makaranta ka san jam'iyyar Baba ta dare biyu bayan rasuwarsa. Waɗanda ya yi shekaru yana faɗa da su a kan sayar da filin makaranta su ne suka riƙe hoton fitilar, abokan tafiyarsa kuma suka koma tsani. Fitilar na nan, amma hannun da ke riƙe da ita ya canja. Na yi mata bayani har bakina ya bushe, ta ce ita dai ɗanta namiji ya yi magana. In ta ga dama ta zaɓi fitilar, ƙuri'arta ce, amma ba da tsoron kabari ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kai kuma ba ƙafarka ke shiga kwatar nan ba.

Ka gaishe min da mai ɗakinka da takwarar Inna da ƙaramin maigidana. Kawu da Gwaggo suna gaishe ku.

Zaɓe ranar Asabar ne. Na ba ka zuwa azahar ɗin Laraba ka kira Inna ka gaya mata gaskiyar yadda jam'iyyar ta rabu, ka sauke mata wannan nauyi. In Laraba ta wuce shiru, ranar Alhamis zan zauna a gefen gadonta in kunna mata saƙon muryar da ka aiko min bara, inda kake dariya kana cewa fitilar nan ta daɗe da ƙarewar mai, kuma kai ko katin zaɓe ba ka taɓa yanka ba. Ban goge shi ba.

Taka har kullum, ko da ana faɗa,
Yayarka.