Ƙarar Motar Baba a Kasuwa

Paki, Ikara.

Zuwa ga Yaya Usmanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara rufin asiri. Inna tana nan da sauƙin ƙafa, an kuma fara saran rake.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne don bakina ba zai iya faɗa a waya ba. Ka san tsohuwar motar marigayi Baba da ƙaninmu Ukasha yake dakon rake da ita. Tun damina ta fara harbi ta salansa, ƙara kamar bindiga. Ya kai ta Makarfi wurin Malam Inuwa bakanike, aka canza fulogi, ba ta daina ba. Da ya kwance kafireta, ya ce abin nan mai yawo a kan mai, wanda suke kira fulot, ya yi sama da yawa, fetur yana ambaliya, wanda bai ƙone ba sai ya kama wuta a salansa. Ya lanƙwasa shi ya daidaita, amma ya ce allurarsa mai tsayar da fetur ta cinye, kuma irin ta ba ta samuwa sai an bincika Kano.

Ran kasuwa Ukasha ya shigo da lodi. Yana sassauta gudu a bakin rumfuna sai ta harba, ta sake harbawa. Mutane kuwa a tsorace suke, don ba a daɗe da sace wasu a wani ƙauye kusa da mu ba. Wani ya yi ihun ɓarayi, kasuwa ta watse. Baba Indo mai daddawa, wadda take ba mu gyara muna yara, ta tashi gudu ta faɗi, aka bi ta kanta. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Matasa suka jawo Ukasha daga mota, suka karya masa hannu kafin a gane shi.

Bayan sadakar uku, ɗanta Bobbo ya zo gidanmu da kansa duba hannun. Ya ce kwananta ne ya ƙare, ba su riƙe kowa ba. Ukasha bai iya ɗaga kai ba. Tun ranar ba ya cin abincin kirki, ba ya fita ko masallaci, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Mun yi magana har mun gaji. Kai kaɗai yake jin maganarka, Yaya. Don Allah ka nemi izini a wurin aiki ka zo, ina tsoron kada mu rasa shi yana raye.

Inna tana sa maka albarka. Ka gaishe da Anti Firdausi, da Rumaisa da Muktar.

Ƙanwarka,
Suwaiba