Dogo ko Gajere, Yaya Iliyasu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar jikinka, da iyali, da mutanen Dakwaro baki ɗaya. Na san ba kai za ka karanta wannan da idonka ba. Rakiya, idan ke ce kike karanta wa babanki, ki bi a hankali, kada ki tsallake wuraren da na yi masa tsiya. Ya saba.

Yaya, mu nan Greensboro sanyi ya shigo, ganyayyaki sun zube, an fara ganin maharba da hularsu ruwan lemo a gidajen mai. Duk shekara idan na ga hular nan kai nake tunawa.

Ka tuna ɗakinmu na High Point Road, lokacin da na zo daga Zariya ban san kowa ba? A masallaci aka haɗa mu, aka ce ga wani ɗan Nijar yana neman abokin haya. Ka girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa tun ranar farko na kira ka Yaya, sunan ya bi ka. Kana tuƙa tasi, ni ina ɗora kwalaye a wani sito a Wendover. Ban taɓa riƙe bindiga ba a rayuwata, kai kuwa ɗan maharbi ne, jikan maharbi.

Kai ka samo mana tsohon manomin nan na McLeansville da barewa ke cinye masa wake. Ya ara mana tsohuwar bindigarsa, muka yanki lasisi, muka riƙa zuwa ranar Asabar, tunda ba a yarda a yi harbi ran Lahadi ba. Kai ka koya mini in yi bisimilla kafin in taɓa kunama, in kuma sauke bindiga idan ban tabbata dabbar za ta faɗi nan take ba. Kana cewa, “Wanda ya raunata dabba ta tsere, ya ci bashin da ba shi da ranar biya.” Naman da muka rarraba wa gidajen Hausawan garin nan, har yau Hajiya Mariama tana zancensa.

A gidan tsohon ne ka ga ƙahon nan a bango, wanda ya fi faɗin ƙofa. Ya ce na elk ne, wata dangin barewa mai girman gwanki ko ma fi, tana can duwatsun yamma. Ka daɗe tsaye a gabansa. A mota ka ce mini tun kakanka na raye gwanki ya ƙare a dajinku, babanka ya mutu bai harbi ko ɗaya ba, sai labari. Ka ce, “Bon, ƙane, kafin in koma gida sai na tsaya gaban dabbar nan.”

Daga nan matsala ta faro. Tsohon ya ce bindigarsa ta barewar gona ce. A can ana harbi daga wannan tudu zuwa wancan, dabbar kuma ƙatuwa, sai da bindiga mai ƙarfi irin wadda ake kira magnum. Muka je shagon bindigogi, mai shago ya dire mana harsashi biyu a kan kanta. Dukansu lamba ɗari uku, kan da ke fita iri ɗaya ne. Ɗaya dogo siriri mai ɗamara a gindi, an daɗe ana farauta da shi. Ɗayan gajere ne mai ƙiba, sabon fitowa a shekarun, kowa sai zancensa yake. Na dogon ba ya shiga bindigar gajeren, na gajeren ba ya shiga ta dogon.

Ka ɗauki dogon, ka juya shi sau ɗaya, ka ce, “Wannan ko a ƙauye ka shiga kanti za ka same shi.” Shi ke nan naka nazarin.

Ni kuwa ɗan boko, sai na ce a bari in bincika. Ka ce to in bincika, duk wanda na zaɓa shi za ka saya. Na ce ai kowa sai ya sayi wanda ya kwanta masa. Ranar ce ka fara ɗaure mini fuska. Ka ce a gidanku abokan farauta gora ɗaya suke zuba albarushi, domin idan na ɗaya ya ƙare ko ya jiƙe, na ɗan'uwansa nasa ne. “Maharba biyu ba su shiga daji da kartushi iri biyu,” in ji ka, kana nufin harsashi. Ka ƙara da cewa babba shi ke zaɓen daji, ƙarami shi ke zaɓen makami, don ya koyi ɗaukar nauyin shawara. Kai ka zaɓi daji, saura ni.

Yaya, ruwan ido ya kama ni kamar an aiko shi. Na sayi mujallun farauta har suka cika ƙarƙashin gado. Wannan ya ce gajeren ya fi, bindigarsa ba nauyi, mai hawan dutse zai gode. In kwana a kan gajere. Washegari wani ya ce dogon ya fi ɗaukar kai mai nauyi, cikin bindigarsa ya fi cin harsashi, sabon kuma wa ya san ko zai daɗe a kasuwa. In wayi gari a kan dogo. Na san gudun kowanne, na san yadda kowanne ke sunkuyawa idan ya yi nisa, na san wanda aka ce ya fi dukan kafaɗa. Kana jin bayanina kana shan shayinka, idan na gama ka ce, “Ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Dabbar ba ta karanta mujalla.”

Kakar farauta ta farko ta wuce ina bincike. Ta biyu azumi ya faɗo a cikinta, na ji daɗin samun hujja. Ta uku na yi aure, na bar maka ɗakin. Ko a wurin walima, da ka zo yi mini murna, ka sunkuyo ka raɗa mini, “Dogo ko gajere?” Muka yi dariya. Ya zama gaisuwarmu, a masallaci, a waya, ko'ina. Ni na ɗauke ta wasa.

A nan ina da ƙorafi a kanka, kuma zan faɗa ko Rakiya na ji. Ka san sukari ya fara taɓa maka ido. Ka daina tuƙi bayan magariba, ka ce mini gajiya ce. A gonar tsohon, barewa ta tsaya fili, ka ɗaga bindiga, ka daɗe, ka sauke, ka miƙo mini ka ce yau rabona ne. Na yi ta murna kamar yaro. Me ya hana ka kama ni ka ce, kai, zaɓi yau, ba ni da shekara mai zuwa? Me ya hana ka shiga shagon ka sayi dogonka, in biyo ka dole? Taurin kai irin na gidan maharba, ka ce ƙarami ke zaɓe, ka zauna jiran gawon shanu. Ina jin haushinka a kan wannan, ina jin nawa ya fi.

Ranar da likita ya ce idon dama ya tafi, na hagu ma sai a hankali, ba ka yi dogon zance ba. Ka ce gara ka koma inda ƙafarka ta san hanya ba sai da ido ba. Ranar tafiyarka na kai ka filin jirgi. Kai ne ka laluba ka kama hannuna, ka ce, “To, ƙane, dogo ko gajere?” Ka yi dariyarka. Na kasa tayawa.

Bana na je duwatsun yamma, Yaya. Na bi wasu mutum biyu da muke aiki tare, muka yi ta tuƙi har ƙasa ta ƙare duwatsu suka fara. Numfashi da ƙyar, sanyi kamar ya tsaga kunne. Wata safiya muna kan tudu, sai ga namijin elk ya fito daga cikin itatuwa a ɗaya gefen kwari, ƙaho kamar busasshiyar bishiya a kansa, hucinsa na tashi. Bai yi nisan da mujallu ke ta faɗa a kai ba. Na yi bisimilla yadda ka koya mini. Taku kaɗan ya yi ya durƙusa, na same shi da sauran rai na yanka.

Ina tsaye a kansa na gane cewa ko wanne na ɗauko a cikin biyun nan, haka zai faɗi. Bambancin da na ɓata shekaru ina aunawa bai kai faɗin tafin hannu ba a jikin dabbar. Abokan tafiyata suna ta bubbuga mini kafaɗa, ni kuwa na waiwaya dama, inda ka saba tsayawa. Na zauna a kan dutse na yi kuka, ban ji kunyar su ba. Da-na-sani ƙeya ce, ka sha faɗa mini, sai ranar na ji nauyinta.

Na cire maka kason abokin farauta, karfata guda, kamar yadda ka ce ana yi a gidanku. Matata ta shanya ta, ta yi kilishi. Alhaji Musa zai taho gida wata mai kamawa, na ba shi ya kawo maka. A cikin ƙullin akwai wani ɗan ƙyalle daban. Rakiya, ki kwance ki sa masa a tafin hannu, kada ki ce komai tukuna.

Kwanson harsashin da na harba ne, Yaya. Ka shafa shi tun daga baki har gindi, za ka ji ɗamarar. Ka tambaye ni shekara da shekaru, ga amsarka. Dogon ne, wanda ka ɗauka tun ranar farko.

Allah ya ba ka lafiya, ya bar maka hasken da ya rage, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Allah ya jiƙan babanka da kakanka. Ya yafe mana jinkirinmu, ya sa in zo Dakwaro in same ka da ƙafafunka, mu ci abin da ya saura a kwano ɗaya. Amin.

Ƙanenka har kullum,
Bashir