Ɗakin da Muka Gina a Kan Rijiyarki

Zuwa ga Dada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Na san ba a aika wa kabari takarda, amma maganar nan ta tsaya mini a wuya, kuma ke ce kika fara ta.

Kin tuna rijiyarki ta tsakar gidanmu na Kolere? Tun muna rarrafe kike korar mu daga bakinta. "Bakin rijiya ba wajen wasan yaro ba ne," in ji ki, ludayi a hannu. Ni da Buba ƙanena mun sha shi a gadon baya har ƙafafunmu suka koyi kewayawa ba sai mun duba ba.

Daminar da ta biyo bayan rasuwarki gefen rijiyar ya fara zaftarewa. Baba ya sa aka cike ta da duwatsu da jar ƙasa, aka daɓe. Shekaru suka wuce, amma ba wanda ya taɓa taka wurin. Daga zaure zuwa madafa hanyarmu a lanƙwashe take, har sawu ya fito a ƙasa, ciyawa ta tsiro a tsakiya kamar faifai.

Da auren Buba ya tashi, fili ya yi mana kaɗan, sai aka gina ɗakin amarya a kai. Magini ya rantse ko babbar mota ta hau ba abin da zai motsa. Aka zuba siminti, aka shimfiɗa leda mai furanni. Muka haɗa baki kada a gaya wa amarya, wai don kada a tsorata 'yar mutane.

Saratu sunanta, 'yar Vimtim ce. Da kin so ta, Dada. Tana da hannun tuwo, ga dariya ba wuya, kuma tana kirana Adda kamar ciki ɗaya muka fito.

Kafin wata ya zagayo dariyar ta ragu. Ta ja gadonta ta manna da bango. Ta mayar da akwatunanta lungu. Wata rana da hantsi na leƙa na same ta tana shara, tsintsiyar na bin gefe-gefe, ta bar tsakiyar ɗakin da ƙurarsa. Daidai bakin rijiyarki ta bari, ba ƙari ba ragi.

Na zargi maƙwabta da gulma, ashe mu ne. Baba in ya zo gaishe ta, ta jikin bango yake bi. Buba, mai ɗakin da kansa, sai ya yi kwana kafin ya kai gado. Ni ma da tiren abinci a hannuna haka nake yi. Bakinmu ya rufe asiri, ƙafafunmu suna ta faɗa mata.

Tana da tsohon ciki lokacin da ta tare ni. "Adda, wa aka binne a ɗakin nan?" Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce rijiya ce kawai, an cike ta tun tuni. Na ɗauka hankalinta zai kwanta. Ta daɗe tana kallon ledar, sannan ta ce gara a ce kabari ne, shi an san iyakar zurfinsa.

Ta ce gida za ta tafi ta haihu, kuma ba ta ce za ta dawo ba. Buba ya yi lallashi, ya kira magini ya sake rantsuwa. Ita dai abu ɗaya ta nema. "Adda, ki zo ki tsaya a kai. In kin tsaya, ni ma zan zauna."

Dada, rana tsaka ce, ƙofa a buɗe, ana jin masu babur suna wucewa a waje. Na san siminti ne. A gabana aka zuba duwatsun. Na taka har gefen wurin, na ɗaga ƙafa, sai na ji sanyin nan na bakin rijiya yana taso mini a ƙwauri, gadon bayana yana jiran ludayi. Ƙafar ta ƙi sauka. Buba ya ce shi zai tsaya, ya zo dab da ni, shi ma ya tsaya cak.

Saratu ta juya ta fara haɗa kayanta. Washegari babur ya kai ta Vimtim. Ta haifi mace, an sa mata sunanki, har yau jaririyar ba ta kwana a gidanmu ba. Buba ya rame, a zaure yake kwana. Ɗakin na nan a rufe, kuma ina jin haushinki kaɗan, ina kuma kewarki fiye da kullum.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da tsaron da kika yi mana. Kin hana mu faɗawa, mun gode. Allah ya sa wata rana ƙafafunmu su yarda cewa kin sallame mu, ko takwararki ta dawo gida.

Taki har kullum,
Ɗiyarki ta fari.