Ranar da Kika Juya Mini Baya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uwa, a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin sauƙin makwanci da hasken kabari. Mutanen gida kowa lafiya lau. Ƙanwata Binta ta sauka bayan Babbar Sallah, ta samu mace, an mayar mata da sunanki, muna kiranta Ummi. Gidan Ƙofar Sauri yana nan yadda kika bar shi, sai katangar gabas da damina ta ci, an sake ɗora ta.

Na san ko da kina raye ba karatun boko kike yi ba, na kuma san takarda ba ta zuwa inda kike. Na rubuta ne domin a gaban jama'a na ɓata miki suna, a gaban jama'a kuma ya kamata in tsaya. Masu karanta wannan a jarida su yi haƙuri, ba da su nake ba, amma su saurara.

Labarin gari tukuna. Sojoji sun koma bariki bana, Inna, farar hula sun karɓi mulki. Bakin kowa ya buɗe. Teburin mai shayi ya zama majalisa, 'yan kabu-kabu sun manne tankin babur da hotunan 'yan siyasa har ba a gane launinsa. Mu ma masu ɗan taɓa rubutu muka ga ba za a ci wannan biki babu mu ba. Muka fara haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a gindin bedi, wato dogon-yaro, cikin wata firamare a Ƙofar Marusa, kowa ya karanta abin da ya rubuta, a yaba masa ko a yi masa dariya. Babbanmu shi ne Malam Lawal, tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya. Mutum ne da in ka kai masa shafi uku zai mayar maka da layi uku, ya ce sauran duk ruwa ne.

Shi ya ba mu aikin da ya jawo wannan wasiƙa. Ya ce kowa ya ɗauki abu guda da ya faru, ya ba da labarinsa da bakin mutum uku daban-daban, kowane labari kada ya wuce rabin shafi. Ya kafa sharaɗi, kuma har yau ina jin muryarsa: “In ka shiga rigar mutum, abin da idonshi ya gani da abin da kunnenshi ya ji kaɗai za ka faɗa. Kada ka ara mashi naka.”

Ni kuwa da rawar kai na zaɓi ranar da na tafi makarantar kwana. Kin tuna, waccan shekarar ma sojoji suna ɗaure kaya za su miƙa mulki, ni ma ina ɗaure nawa. Na fara da bakina, tunda shi ne mai sauƙi. Ga abin da na rubuta, ban rage ko kalma ba:

“Ranar da zan tafi makarantar kwana, gida duk ya fito. An ɗora akwatina a kan ɗan dako. Kowa ya sa mini albarka, har mai tallar koko. Uwata tana zaune tana tsintar shinkafa, ta ba ni baya. Na tsaya a bakin zaure ina jiran ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba. Sai na ji ta ce da ƙanwata, ‘Ki ce ma wancan ya mance butarshi.’ Ɗa zai yi watanni ba ta gan shi ba. Buta ta tuna.”

Da na karanta a gindin bedi, aka tafa. Malam Lawal bai yanke ko layi ɗaya ba, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Kaina ya kumbura, Inna, hulata ta yi mini kaɗan. Cikinmu akwai mai gabatar da shirin adabi a rediyo. Ya ce in ba shi ya karanta ranar Juma'a. Malam Lawal ya ce a jira sauran biyun, don ba a yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. Na ce ai za su biyo baya. Na miƙa takarda cike da murna.

Ba wai ban san alkunya ba. Wane Bahaushe ne bai san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba, ba ta wasa da shi, ba ta kallonsa a gaban mutane? A ɗakin Iya, kakata, na tashi, ita ke tsokanata tana ce mini mijinta, ke kuwa kina ce mini wancan, ko yaron Iya. Duk na sani. Amma gajeren labari ba ya ɗaukar kaya da yawa, dole ka sauke wasu. Ni abin da na sauke shi ne Iya da ke zaune kan tabarma tana kallonki, da matan maƙwabta da suka cika tsakar gida, waɗanda da kin waiwayo sai sun shekara suna yi miki waƙar mai son ɗa. Na cire su ne don na ga labarin ya fi zafi in babu su. Da sani na yi, ba da mantuwa ba.

Aka karanta ranar Juma'a, da sunana da na unguwarmu. Ranar Litinin a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, wata malama baƙuwa, wadda ba ta san labarin na gaske ne ba, ta yaba mini, sannan ta ce, “Allah Ya raba mu da irin wannan uwa.” Wasu suka ce amin. Ni kuma na yi murmushi na ci gaba da duba littattafan yara. Wannan murmushin ya fi komai ci mini rai. Ke da ba ki taɓa cin abinci ba sai kin aika a tambayi Iya ko yaronta ya ci, aka nemi tsari da irinki a gabana, na kasa buɗe baki.

Da na je Ƙofar Sauri gaisuwa, tsofaffin unguwa sun riga sun ji. Su ba sa bukatar a faɗa musu wace uwa ce. Gaisuwar da a da takan kai mu ga gajiya, ga iyali, ga aiki, ga ruwa, ranar a lafiya lau ta tsaya. Ba wadda ta zage ni, kuma da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi.

Na koma gida na ce bari in gama aikin. Na biyu na ba ɗan dako. Shi babu ruwansa da kowa, nauyin akwati ya dame shi da nisan tasha, yana ƙunƙunin ko duwatsu yaron nan zai kai makaranta. Kafin shayina ya huce na gama shi, har da dariya.

Na ukun naki ne. Nan alƙalami ya tsaya.

Na fara rubuta cewa kin ga na tsaya a bakin zaure, sai na tuna sharaɗin Malam Lawal. Ba ki gani ba, kin ba da baya. Na soke. Na rubuta cewa kin ga sabon takalmina, shi ma na soke. Na rasa abin yi, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gidana na Ƙofar Ƙaura, na zauna ina fuskantar bango kamar yadda kika zauna, matata tana leƙe ta taga tana tunanin ko boko ya fara taɓa ni. A gabanki babu komai sai faifai da shinkafa da bango. To da me zan cika rabin shafi? Babu abin da ya rage miki sai kunne.

Sai na fara sauraron ranar da kunnenki. Ƙarar sabon takalmi a kan daɓe. Muryata da ta fara fashewa ina amsa amin. Nishin ɗan dako da ya ɗaga akwati. Daga nan na tsaya. Ta yaya kika san na bar butar?

Kin tuna butar ƙarfen nan. Tun jajibiri na ɗaure ta a hannun akwatin da igiya, na yi ta jan akwatin a tsakar gida don a san mai tafiya ne, tana bugun jikinsa ƙwaram-ƙwaram har Iya ta ce in raba ta da hayaniya. Da safe na kwance ta na yi alwala, na bar ta a bayan katangar makewayi. Daga inda kike zaune ba a hango wurin, ko da kin waiwayo. Mutanen da suka zuba mini ido, Iya da maƙwabta da ni kaina, babu wanda ya lura. Ke da kika ba da baya, kin ji an ɗaga akwati, kin ji ya ratsa tsakar gida har zaure, ba ki ji butar ba.

Shekara da shekaru ina riƙe da wannan magana a matsayin shaidar cewa ba ki damu ba. Ashe duk gidan babu wanda ke bin tafiyata taki-taki kamarki. Na zauna a kan tabarmar nan kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai in dubi ko bangon. Da na samu kaina, ga abin da na rubuta da bakinki, in Allah Ya sa ban yi miki ƙarya ba:

“Shinkafar ga tun ɗazu ta tsintu, sake bi nike. Iya na kallona. Ga takalmin nan, ya yi mashi yawa, yana ja. Muryar ta fara zama ta maza. An ɗauki akwati. Ya wuce randa, ya wuce turmi. Shiru. Jiya da ƙara yake tafiya. Wa zai ara mashi buta a garin da ba a san shi ba, da asuba, cikin sanyi? Takalmin ya tsaya a bakin zaure. Ya daɗe. Kada ka daɗe, yaro, wuyana ya gaji. Binta, zo nan.”

Washegari na nufi gidan rediyo da takarda a aljihu, ina sauri kamar mai kai maganin maciji. Abokin namu mai gabatar da shirin ya karanta, sannan ya ce an dakatar da shirin adabin. Lokacin an sayar da shi ga masu taya sababbin ciyamomi da kansiloli murna, kuma layin masu jira yana da tsawo. Ya ce sai an ga hali. Yanzu duk Juma'a in na kunna rediyo, a daidai lokacin da aka karanta ki a matsayin uwar da ta fi son buta, sai in ji ana kirarin wani mai girma. Na farkon ya shiga kunnen gari ya zauna, na ukun yana aljihuna.

Daga can na wuce gidan Binta. Tun da aka karanta labarin ba ta ce mini komai ba, wanda a wurin Binta babban faɗa ne. Na same ta tana shayar da mai sunanki. Na karanta mata. A tsakiyar karatun na tuna abin da ban taɓa tunawa ba: da kika kira ta, gabanki ta zagayo ta durƙusa. Duk duniya ita kaɗai ta ga fuskarki a wannan lokacin. Marubucin da ke cikina ya miƙe tsaye, ga baki na huɗu, ga wanda ya fi kowa gani. Na ce ta gaya mini abin da ta gani.

Ta daɗe tana gyara wa jaririyar hula. Sannan ta ce, “Yaya, abin da ta juya baya don kar ka gani, ba ni za ni nuna maka ba. Kuma ba ni za ni ba ka ka kai rediyo ba.”

Ban sake tambaya ba, kuma ba zan sake ba.

A hanyar komawa na gane kunyata biyu ce. Labarin farko ya yi miki ƙazafi. Na ukun kuma, wanda nake ganin shi ne gyara, ya yaye mayafin da kika rufa da shi duk rayuwarki. Ke da kika gwammace ɗanki ya tafi yana zaton ba kya son sa da a ce matan unguwa sun ga idonki, yau ga ni na kawo ki jarida. Na yi ta juya abin, na ga ban da wata hanyar wanke ki sai wadda za ta sa ki rufe fuska. Na zaɓi wannan, ban kuma tabbata na yi daidai ba. Iyakar abin da zan iya yi miki shi ne in tsaya a nan. Kunnenki na ara, Inna, shi ma ba da izini ba. Fuskar na bar miki, tana wurin Binta, kuma kin san ta da riƙon amana.

Ki yafe mini na farkon. Ki yafe mini na ukun. Ki yafe mini murmushin ɗakin malamai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki. Yadda kika rufa wa kanki asiri a duniya, Allah Ya rufa miki a lahira. Ya jiƙan Iya, Ya raya Ummi bisa halinki. Ya sa in lokacina ya yi in cika da imani, Ya haɗa mu a gidan da babu mai sa ido, in durƙusa a gabanki in gaishe ki da kyau. Amin.

Ɗanki na fari,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.