Inna, Kallon Gari Na Je Yi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya yalwata miki makwanci. Mu nan Birnin Kebbi lafiya lau muke, sai ciwon gwiwa da ya zame mini abokin zama. Malam maigidana ma yana nan, kunnensa ya yi nauyi, gardamarsa ce kawai ba ta ragu ba.

Inna, magana ce ke cina. Makon jiya na je suna Argungu, gidan wata jikar Gwaggo Ige. Ina zaune ina cin tuwon shinkafa sai na ji wata tana nuna wa surukarta ni, ƙasa-ƙasa wai don kar in ji: “Ita ta anka kai Ingila biɗar haihuwa, ba a dace ba.” Yarinyar ta kalle ni da idon tausayi. Da furfurata da komai, har yau sunan da tafiyata ke amsawa ke nan a garinmu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na san bakin da maganar ta fara fitowa. Naki ne, Inna. Shi ya sa ke nake rubuta wa, masu karantawa su shaida.

Ni ce ’yarki ta fari, don haka kunya ta hana ki kama sunana tun ina goye. Ba mu taɓa zama tabarma ɗaya mun yi hira ba. Duk abin da kike son faɗa mini sai ki bi ta bakin Gwaggo Ige, ƙanwar Baba. Da na yi aure shekaru suka yi ta tafiya babu ɓatan wata, ita ce ta riƙa hawo mota daga Argungu da ƙulli a bakin zane. “Innarki ta ce ki sha wanga da sahe.” Na sha. Na sha saiwar matar nan ta Ambursa mai ɗacin da ke tsinka hanji. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na tsuguna kan kasko. Na kwanta gadon asibiti a Sakkwato, na kwanta a Zariya, baƙin maza suna jujjuya ni ina rufe fuska da gyale. Ban taɓa cewa a'a ba, ke ma kin sani.

Shekarar da Malam ya sami dogon hutu daga ofishin gona, ni ma makarantar da nake koyarwa an tashi hutun damina, sai ya ce zai cika alkawari. Ya taɓa yin kwas a Ingila kafin aurenmu, ya cika mini kunne da labarin Landan, ya ce wata rana zai kai ni in gani da idona. Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, komai na takardun tafiya sai an je can. Muka yi ta zarya har aka gama. Hutu muka shirya, Inna. Da bakina na faɗa wa Gwaggo ta faɗa miki.

Amma a wurinmu mutum ba ya ƙetare teku haka kawai. Ko Makka, ko fatauci, ko karatu, ko asibiti. Mace ta ce za ta je kallon gari, ai sai a ce ta sami taɓuwa. Sai kika zaɓar mini asibiti. Ranar da na zo sallama mata suka cika tsakar gida, kowa na cewa “Allah shi sa a dace,” wata har da hawaye. Na yi ta gyara musu zance, suna ta gyaɗa kai irin na an gane, kunya ce take ji. Ke kina bakin tukunya kina turara shinkafa, ba ki ɗago ba.

Mun sauka Landan a gajiye, muka kwana a wani ɗan masauki mai ɗaki kamar akurki. Da safe na yi wanka na ɗaura atamfata mai ruwan goro, na kafa ɗauri. Muna saukowa sai ga mutum zaune yana jiranmu, da laima a hannu. Malam Isa ne, mutumin Gwadangaji da ya daɗe a can, abokin ƙanenki Kawu Mamman. Ashe kin sa Kawu ya rubuta masa tun kafin mu taso. Ya ce ya sha wahala kafin ya samo mana ganin wani babban likitan mata, yau ne, kuma in aka fara gwaje-gwaje za su cinye kwanakin da muka zo da su. Ya ce mu yi sauri, Bature ba ya jira.

Na ga gadon nan mai farin ƙyalle ya biyo ni har bayan teku. Malam bai san da shirin ba, na gani a fuskarsa. Ya dube ni, ni ma na dube shi. Ban san inda na samo bakin ba, na ce wa Malam Isa na gode, Allah ya saka, amma lafiyata ƙalau, ba za ni ba. Bawan Allah ya yi ta lallashi. Ya ce in tuna mahaifiyata, ya ce irin wannan dama ba ta dawowa. Na ce na tuna ta, kuma ba za ni ba, yau ko gobe. Har na ɗauka Malam zai bi bayan baƙo. Sai ya gyara hularsa ya ce, “To, malama, ina munka nuhwa?”

Bas muka hau, ja, mai hawa biyu, saman a buɗe. Na ce sama zan zauna, kujerar gaba. Iska ta fizge gyalena, na damƙo shi da haƙori, Malam yana dariya har yana tari. Gidaje dogaye a manne da juna, duk launin toka, tagogi ba iyaka, ban ga zaure ko ɗaya ba. Na yi ta tambayar kaina inda mutanen nan ke shanya. Muka wuce wata hasumiya mai ƙaton agogo a bakin ruwa, ta buga muna ƙarƙashinta, na ji ƙarar har cikin ƙirjina.

Muka sauka wani fili mai gumakan zakuna baƙaƙe, tantabaru sun rufe ƙasa. Ba na kowa ba ne, ba mai yankawa. Na sayi tsaba na buɗe tafi, suka hau hannuna, ɗaya ta sauka bisa ɗaurina ta zauna daram kamar ta biya haya. Na yi ihu, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Malam ya ce tun da ya aure ni bai san haƙorana sun kai haka yawa ba.

Ga abin da nake so ki ji da kyau. Tun safe har yamma ina cikin dubban mutane, babu wanda ya kalli cikina. Ke ba ki san wannan kallon ba, kin haifi bakwai. A gida duk wadda ta gaishe ni, idonta sai ya fara sauka ƙasa kafin ya hau fuskata. A gidan suna ana miƙo mini jariri da “Allah shi kawo naki,” a gidan biki ana raɗa. Ranar nan ni mace ce mai atamfa ruwan goro tana kallon gari, shi ke nan.

Da rana ta yi muka shiga jirgin ruwa. Gulbinsu ya ratsa tsakiyar gari, ruwan ja-ja ne kamar namu in damina ta yi nisa, amma sun ɗaure shi da dutse hagu da dama, ba fadama, ba inda zai miƙe ƙafa. Na duba ko zan ga masunci da homa ko gora, ban ga ko ɗaya ba. Na ji tausayin ruwan, na kuma ji daɗinsa. Muka bi ƙarƙashin gada bayan gada, har wata mai hasumiya biyu wadda Malam ya rantse tana buɗewa a tsakiya in babban jirgi zai wuce. Na ce sai na gani. Ba ta buɗe ba, har yau ina tsokanarsa.

A cikin jirgin wata tsohuwar Baturiya ta matso kusa da ni, ta nuna hannuna ta tambayi abin da na shafa. Na ce lalle ne, na kwatanta mata yadda ake daka ganyen a kwaɓa a ƙunsa a kwana da shi. Ta riƙe yatsuna tana jujjuyawa. Ta tambayi garinmu, ta tambayi aikina, ta tambayi ko muna da kada a gulbinmu. Ina ta jiran tambayar da kowa ke yi, har muka sauka ba ta zo ba.

Kifi muka ci a bakin ruwa, an soya shi cikin ƙullu an naɗe a takarda da dankali. Lami, Inna, ko gishirin kirki babu. ’Yar Argungu a ba ta wannan a ce kifi ne. Na kwance yajin da na ƙullo daga gida na barbaɗa, na cinye nawa na taya Malam.

Sai wata magana da ba a faɗa wa uwa, amma zan faɗa. Da la'asar muna wani lambu mai tafki da agwagi, baƙon wata ya zo mini. Kin san abin da zuwansa ke nufi a gidana: in rufe ɗaki in yi kuka, in wanke ido in fito in ɗora tukunya, sannan in jira Gwaggo da sabon ƙulli. Ranar na kintsa kaina, na dawo na zauna kan benci. Malam ya shimfiɗa rigar sanyinsa kan ciyawa yana salla. Na jira kukan, bai zo ba. Tsofaffin mata na zaune suna jefa wa agwagi gutsuren burodi, ba aikin fari ba na baƙi, ba mai ce musu sun lalace. Na miƙe ƙafa ni ma. Rana ta ƙi faɗuwa, gari ya yi ta haske kamar an manta a kashe fitila, muka yi ta tafiya har ƙafata ta kumbura.

Sauran kwanakin ma haka muka yi su. Malam Isa ya sake dawowa, na ba shi goro na sallame shi.

Da muka dawo na zo Argungu da tsaraba. Mata suka sake cika gida. “Ya jiki? Mi likita yac ce?” Da na so da na ce an ba ni magani, sai abin da Allah ya yi, kowa ya watse da mutuncinki. Ban ce ba. Na ɗaga murya yadda za ki ji daga bakin murhu, na ce ban ga likita ba, kallon gari na je yi, kuma na kalla. Kika ajiye ludayi kika shige ɗaki. Hotunan da na kawo ba wanda ya karɓa, na mayar da su jaka. Bayan na tafi matan suka gyara labarin yadda zai shiga kunne: an je, ba a dace ba, baƙin ciki ne ya sa take sambatu. Ke kuma ba ki ƙaryata ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san abin da likitan nan zai ce ba. Wataƙila da yanzu ina da ɗa mai gemu. Na yi wannan tunanin ba sau ɗaya ba, kuma yana da zafi. Amma ko yau aka mayar da ni bakin matakalar masaukin nan, Malam Isa na tsaye da laimarsa, bas ɗin zan hau. Na ba haihuwa ƙuruciyata duka ba tare da musu ba. Wannan yinin nawa ne, kuma an dace da shi.

Na san ba ƙiyayya ba ce, Inna. Tsoro kike ji kar in tsufa ba mai miƙo mini ruwa. Ba ki da bakin faɗa mini kina sona sai ta saiwa da rubutu, ni kuma na yi ta haɗiye su don ban da wata hanyar amsa miki. Ki kwantar da rai. Yaran da na koya wa karatu sun zama iyaye, ƙofata ba ta rabuwa da sallama, har korarsu nake in zan yi barcin rana.

Abu ɗaya ne ban taɓa ganewa ba. Wata ya zagayo bayan dawowata, na share ɗaki na zauna jiran Gwaggo da ƙullinta. Ta zo hannu sake. Na tambaye ta saƙo, ta ce, “Innarki ta ce a gaishe ki.” Daga ranar har kika koma ga Allah ba ki ƙara aiko mini da magani ba. Ban sani ba ko fushi ne, ko kuwa kin ji ni ne kika sake ni. Ba ki faɗa ba, Gwaggo ma ta tafi ba ta faɗa ba. Ni dai na zaɓi na biyun, kuma da shi zan mutu.

Ina neman gafararki kan duk abin da na yi miki tun ina ƙarama, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ban da wannan yinin. Shi kam ba laifi ba ne, ba zan sa shi cikin roƙon ba.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Allah ya sauke ki a gidan da ba murhu ba hayaƙi, inda ƙoramu ke gudana, ki miƙe ƙafa ki huta. In ya haɗa mu a can, ki matsa mini gefen tabarmarki, ki kira ni da sunana ko sau ɗaya ne.

Taki ’yar fari,
Hajara